Fim Ɗaya, Maki Uku: Dalilin Da Ya Sa Ra'ayin 'Yan Kallo Da Na Masu Sharhi Ke Cin Karo A Finafinan Hollywood

A watan Maris na 2025 kamfanin Disney ya saki Snow White, sabon ɗauka na tsohon katun ɗinsa na 1937, wannan karon da mutane. Wanda ya zaro waya a makonnin farko ya buga sunan fim ɗin a Google, don ya san ko ya cancanci kuɗinsa da lokacinsa, alƙaluma uku zai tarar, kowanne ya juya wa ɗan'uwansa baya. A IMDb, shafin da jama'a ke ba finafinai maki, makin fim ɗin bai kai 2 cikin 10 ba, abin da ya jefa shi sahun finafinan da suka fi kowanne faɗuwa a tarihin shafin. A Rotten Tomatoes kusan kashi 40 cikin 100 na masu sharhi ne suka yaba masa. A wannan shafin dai, ɗan gefe kaɗan, kusan kashi 70 cikin 100 na waɗanda suka yanki tikiti suka shiga gidan sinima sun ce ya yi musu.

Babu wanda ya yi kuskuren lissafi a cikin ukun. Kowane adadi amsa ce ta wata tambaya daban, daga bakin wasu mutane daban, kuma hanyar da aka bi aka tattara ta ma daban ce. Galibin rigimar da ake tafkawa a intanet kan finafinan Hollywood, da zargin cewa masu sharhi 'yan amshin shatan kamfanoni ne, ko kuma 'yan kallo masu ƙiyayya ne kawai, daga rashin sanin wannan take tasowa.

Su wa ake ƙirgawa, kuma ta yaya?

Rotten Tomatoes, wato ruɓaɓɓen tumatur, ya samo sunansa ne daga al'adar da ake dangantawa da 'yan kallon dandamali na da, masu jifan ɗan wasan da ya gaza da ruɓaɓɓen tumatur. An kafa shafin a 1998 a jihar Kaliforniya. Aikinsa shi ne tattara sharhin 'yan jarida da manazarta fim da ya amince da su, ya raba kowane sharhi gida biyu: ko yabo ne, ko suka. Adadin da ake gani a gefen hoton tumatur shi ne kason waɗanda suka yaba. In ya kai kashi 60 cikin 100, sai a liƙa wa fim jan tumatur mai kyau. In bai kai ba, sai koren tabo na tumatur da ya fashe.

A nan ne mutane da yawa suke yin tuntuɓe. Adadin ba ya auna zurfin yabo. A ɗauka masu sharhi 10 sun kalli wani fim, kowannensu ya ce ba laifi, ya ba shi 6 cikin 10. Wannan fim zai sami kashi 100. A ɗauko wani fim ɗin da mutum 7 suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba, 3 kuma suka ce bai yi musu ba sam. Shi kashi 70 zai samu. A idon mai duba waya cikin sauri na farkon ya fi, alhali babu wanda ya burge, na biyun kuwa shi ne za a daɗe ana zancensa. Tsarin yana fifita fim ɗin da bai ɓata wa kowa rai ba a kan wanda ya raba kan jama'a.

Gefen wannan adadi akwai na 'yan kallo, mai alamar kwalin gugguru. Shi kason waɗanda suka ba fim tauraro 3 da rabi ko fiye cikin 5 yake nunawa. Shekara da shekaru kowa na iya buɗe asusu ya jefa ƙuri'arsa, ko ya kalli fim ko bai kalla ba.

IMDb, wanda ya faro a 1990 kafin Amazon ya saye shi a 1998, ƙofarsa a buɗe take ga duk mai asusu a ko'ina a duniya: ka zaɓi maki daga 1 zuwa 10. Sai dai abin da yake nunawa ba tsabar matsakaicin ƙuri'un ba ne. Yana ba wasu ƙuri'u nauyi fiye da wasu, kuma ba ya bayyana yadda yake yin wannan awo, don kada masu maguɗi su gano lagonsa.

Akwai ma'auni na huɗu da ba a cika ganinsa a Google ba, amma shi kamfanonin fim suka fi zuba wa ido. Sunansa CinemaScore, wani kamfani da ke birnin Las Vegas tun ƙarshen shekarun 1970. A daren da aka fara nuna fim, ma'aikatansa kan tsaya a gidajen sinima a wasu 'yan birane na Amurka da Kanada, su miƙa wa masu shiga wani ɗan kati mai tsage-tsage a gefe. In an tashi, mutum ya lanƙwasa wurin da ya dace da ra'ayinsa, daga A har zuwa F, ya mayar, kamfanin kuma ya haɗa su ya fitar da maki ɗaya, wani lokaci da alamar ƙari ko ragi. Ƙarfinsa shi ne duk wanda ya riƙe katin nan jikinsa na cikin sinimar. Rauninsa kuma shi ne masu zuwa daren farko galibi masoya ne tun daga gida, shi ya sa B a wannan ma'auni, musamman ga babban fim na iyali ko na jarumai masu ƙarfin ban mamaki, alama ce ta akwai matsala.

Taron dangi

Ƙorafin masoya ba intanet ne ya haife shi ba. A 1988, da aka sanar cewa Michael Keaton, wanda aka sani da finafinan barkwanci, shi zai fito a matsayin Batman, an ruwaito cewa wasiƙun ƙin amincewa kusan 50,000 ne suka isa ofishin kamfanin fim na Warner Bros. Fim ɗin ya fito a 1989 ya tara fiye da dala miliyan 400. Abin da ya sauya shi ne wahalar aikin. Mai wasiƙa sai ya nemi takarda da ambulan da kan sarki, kuma wasiƙarsa a aljihun tebur za ta ƙare. Mai ƙuri'ar intanet daƙiƙa 5 ta ishe shi, kuma abin da ya danna yana taɓa adadin da miliyoyin mutane za su gani.

Daga nan aka sami abin da za a iya kira taron dangi: mutane su haɗa baki, ko su zuga juna, su yi wa fim ruwan maki mafi ƙanƙanta cikin ɗan lokaci, sau da yawa tun kafin a fara nuna shi, saboda wani dalili da bai shafi abin da ke cikin fim ɗin ba. A farkon 2018 Facebook ya rufe wani zaure da ya fito fili yana shirya yi wa Black Panther haka. A 2019 abin ya faɗa kan Captain Marvel. Jarumar fim ɗin, Brie Larson, ta yi magana a bainar jama'a cewa fararen fata maza sun yi kaka-gida a aikin sharhin fim, ya kamata a buɗe wa mata da sauran jinsuna hanya. Wasu suka ɗauki maganar a matsayin cin fuska gare su. Tun fim bai fito ba, ma'aunin masu sha'awar kallonsa a Rotten Tomatoes ya yi ƙasa warwas, wurin sharhi ya cika da zagi.

Shafin ya mayar da martani cikin matakai. A Fabrairun 2019 ya cire wancan ma'auni na kaso, ya kuma hana rubuta sharhi kafin fim ya fito. A watan Mayu na shekarar ya ɓullo da ƙuri'ar da aka tantance: adadin da ke fitowa a gaba yanzu na waɗanda aka tabbatar sun sayi tikiti ne ta Fandango, kamfanin sayar da tikiti da ya mallaki shafin tun 2016. IMDb bai rufe ƙofa ba, amma a 2023, lokacin da aka yi wa The Little Mermaid ruwan maki 1 bayan doguwar taƙaddama kan zaɓen baƙar fata Halle Bailey a matsayin jaruma, ya manna sanarwa cewa ya ga alamun ƙuri'u da ba a saba gani ba, don haka ya sauya yadda yake auna su.

Ko taron dangi na kashe fim? Captain Marvel ya haura dala biliyan 1 da miliyan 100. Black Panther ya haura biliyan 1 da miliyan 300. The Little Mermaid ya tara kusan miliyan 570, ya yi kasuwa sosai a Amurka, amma a Sin da Koriya ta Kudu bai taɓuka abin kirki ba. Waɗannan alƙaluma na nuna cewa hayaniyar intanet ita kaɗai ba ta hana wanda ya yi niyyar zuwa sinima zuwa.

Darasin Star Wars

Babu inda lamarin ya fi sarƙewa kamar a finafinai biyu na Star Wars da suka fito a jere, kuma ya kamata a ɗan tsaya a kansu, domin kowane ɓangare na amfani da su a matsayin hujja.

The Last Jedi, wanda Rian Johnson ya ba da umarni, ya fito a Disambar 2017. Masu sharhi kashi 91 cikin 100 suka yaba. Masu katin CinemaScore suka ba shi A. Amma makin 'yan kallo a Rotten Tomatoes, wanda a lokacin kowa na iya jefa ƙuri'a, ya gangara ƙasa da rabi, har ya tsaya a kashi 40 da 'yan kai. Wasu sun fito sun yi iƙirarin cewa da asusun bogi suka jawo shi ƙasa, shafin kuma a lokacin ya ce bai ga shaidar maguɗi ba.

Wanda ya ce duk fushin na bogi ne bai yi adalci ba. Akwai masoya na haƙiƙa, waɗanda suka tashi da labarin tun 1977, da ba su ji daɗin yadda aka mayar da gwarzonsu Luke Skywalker tsoho mai yanke ƙauna da ya ƙaurace wa duniya ba. Shi kansa Mark Hamill, wanda ya taka rawar, ya faɗa a fili cewa ya saɓa da darakta kan wannan, ko da yake daga baya ya nuna nadamar fitar da maganar waje. Kuɗin da fim ɗin ya tara, kusan dala biliyan 1 da miliyan 300, mai yawa ne, amma ya yi nesa da biliyan 2 da wanda ya gabace shi ya samu a 2015. Ruwa ba ya tsami banza.

Wanda kuma ya ce duk fushin kan labari ne, shi ma ya rufe ido a kan wani abu. Kelly Marie Tran, 'yar Amurka mai tushen Biyetnam da ta fito a fim ɗin, ta share duk abin da ta wallafa a Instagram a tsakiyar 2018 bayan watanni ana zagin launinta da surarta. Kafin ita, John Boyega, haifaffen Landan wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya sha irin wannan tun ranar da aka ga fuskarsa cikin sulken sojan daular a tallan farko na fim ɗin da ya gabaci wannan, a 2014. Waɗannan ba ƙorafi ne kan tsarin labari ba.

Sai fim na gaba, The Rise of Skywalker, ya fito a Disambar 2019, kuma mutane da yawa sun kalle shi a matsayin yunƙurin lallashin waɗanda suka fusata: an warware wasu abubuwan da na baya ya ƙulla, rawar Tran kuma ta ragu zuwa abin da bai kai minti 2 ba, ko da yake marubutan sun ce matsalar haɗa hoto ce ta jawo hakan. Sai alƙaluma suka juye. Masu sharhi kusan rabi kawai suka yaba, makin 'yan kallo ya kai kashi 86. Da gani sai a ce masoya sun sami abin da suke so. Amma tsakanin finafinan biyu an sauya ma'aunin: na farko da buɗaɗɗiyar ƙuri'a aka auna shi, na biyu da tantacciya. Ma'aunin da bai sauya ba, wato katin daren farko, B mai alamar ƙari ya ba sabon fim ɗin, ƙasa da A ɗin da ya ba wanda aka ce 'yan kallo sun tsana. Kuɗin shiga ma ya ragu zuwa biliyan 1 da 'yan kai. Duk wanda ya jera kashi 40 da kashi 86 ya ce ga hukuncin jama'a, mudu biyu daban ya gwada.

Lokacin da kamfani ya saurara

A ƙarshen Afrilun 2019 Paramount ya saki tallan fim ɗin Sonic the Hedgehog, shuɗiyar bushiyar nan mai gudu ta wasan bidiyo. Abin da mutane suka gani ya tayar musu da tsigar jiki: ƙananan idanu a rabe, dogayen ƙafafu masu tsoka irin na ɗan tsere, da haƙora jere reras irin na ɗan Adam a bakin dabba. Cikin kwana biyu darakta Jeff Fowler ya fito ya ce sun ji, za a gyara. Aka ɗage fitar fim daga Nuwamban 2019 zuwa Fabrairun 2020, aka sake zana bushiyar da manyan idanu da farar safar hannu kamar yadda aka san ta. Fim ɗin ya tara fiye da dala miliyan 300, aka kuma ci gaba da yin wasu a bayansa.

Abin lura a nan shi ne irin ƙorafin. Takamaimai ne, ana iya nuna shi da yatsa, kusan kowa ya yarda da shi, kuma yana gyaruwa. Ba a nemi a kori wani ba, ba a zagi kowa don asalinsa ba.

Labarin Justice League ya fi wannan ruɗani. Darakta Zack Snyder ya bar aikin a 2017 bayan rasuwar 'yarsa, Joss Whedon ya ƙarasa, fim ɗin da ya fito kuma bai gamsar da masu sharhi ko kasuwa ba. Masoyan Snyder suka dage cewa akwai ainihin fim ɗinsa a ajiye, a sake shi. Shekara biyu da rabi suna wannan kira. Sun yi karo-karo sun ɗauki hayar jirgin sama mai jan kyalle a saman Comic-Con, taron masoya finafinai da labaran zane na San Diego, sun sayi allon talla a dandalin Times Square na New York, sun kuma tara ɗaruruwan dubban daloli ga wata gidauniyar yaƙi da kashe kai. A Mayun 2020 Warner ya amince, aka kashe abin da aka ruwaito ya kai dala miliyan 70 wajen kammala shi, ya fito a manhajar HBO Max ranar 18 ga Maris 2021, tsawonsa awa 4. Masu sharhi da yawa sun yarda ya fi na farko.

Sai dai a 2022 mujallar Rolling Stone ta ruwaito cewa binciken da kamfanin ya sa aka yi masa ya gano aƙalla kashi 13 cikin 100 na asusun da ke cikin kamfen ɗin na bogi ne, kuma wasu ma'aikata da 'yan jarida sun sha barazana daga wani ɓangare na magoya bayan. Snyder ya musanta cewa da hannunsa a wani shiri irin wannan. Akwai kuma dalilin kasuwa da ba a cika ambata ba: a lokacin Warner na ƙaddamar da sabuwar manhajar kallo ana tsakiyar annobar korona, yana neman abin da zai jawo masu biyan kuɗin wata. Buƙatar masoya ta zo daidai da buƙatar kamfani.

Misali na uku gajere ne. A 2022 Morbius na kamfanin Sony ya faɗi a kasuwa, sai matasa suka mayar da shi abin barkwanci, sunansa ya cika Twitter da TikTok. Kamfanin ya sake kai shi gidajen sinima kusan 1,000 a watan Yuni. Abin da ya samu a ƙarshen makon bai wuce kimanin dala dubu 300 ba. Ba girin-girin ba, ta yi mai: yawan ambaton fim ba ya nufin akwai mai niyyar sayen tikiti.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu kare ra'ayin 'yan kallo na cewa da kuɗinsu ake yin fim, don haka su ne alƙalai. Suna nuna misalai irin The Super Mario Bros. Movie na 2023, wanda bai kai kashi 60 ba a wajen masu sharhi, amma 'yan kallo suka ba shi kusan kashi 95, ya kuma haura dala biliyan 1 da miliyan 300. Suna ƙarawa da cewa kamfanoni sun koyi fakewa da kalmar ƙiyayya: da zarar fim ya gaza, sai a ɗora laifin kan masu wariya, a haɗa mai ƙorafi na gaskiya da mai zagi a tukunya ɗaya. Kuma suna tambayar yadda za a amince da shafin da mai sayar da tikiti ya mallaka, wanda shi ma a lokacin da ya saye shi yana ƙarƙashin NBCUniversal ne, Warner Bros. kuma na da kaso a ciki. Wannan zargi ya ƙara ƙarfi a 2023, da mujallar New York ta ruwaito cewa wani kamfanin talla ya riƙa biyan wasu ƙananan masu sharhi don a ɗaga makin finafinai, zargin da kamfanin ya musanta.

Masu sharhi kuma na cewa aikinsu ba hasashen kasuwa ba ne. Mutumin da ke kallon finafinai ɗaruruwa a shekara zai gaji da abin da aka maimaita, wanda mai zuwa sinima sau 3 a shekara zai gani sabo fil. Kuma mai sharhi ana tura shi ya kalli kowane fim, ko yana so ko ba ya so, shi kuwa ɗan kallo abin da ransa ya riga ya kwanta da shi yake biya ya gani. Wannan kaɗai ya isa ya sa makin 'yan kallo da aka tantance ya riƙa rinjayar na masu sharhi. Wasunsu na ganin cewa in aka bar masoya su riƙa tsara labari, abin da suka riga suka sani kawai za a yi ta dawo musu da shi. Irin wannan damuwa ce darakta Martin Scorsese ya bayyana a 2019, da ya kwatanta finafinan jarumai na kamfanin Marvel da wuraren wasan lilo na shaƙatawa, maganar da ta jawo masa fushin masoya na tsawon watanni.

Akwai batu ɗaya da ɓangarorin biyu suka haɗu a kansa ba tare da sun lura ba, wato masu sharhi ba su wakilci jama'a ba. Wani bincike na Jami'ar Kudancin Kaliforniya a 2018, kan sharhin manyan finafinai 100 na 2017, ya gano kusan kashi 82 cikin 100 fararen fata ne suka rubuta, kusan kashi 78 kuma maza. Wannan binciken ne Brie Larson ta kafa hujja da shi. Masu adawa da ita ma cewa suke yi masu sharhi 'yan wani rukuni ne da ba su san talaka ba. Inda suka rabu shi ne su wa aka bari a waje.

Sai kuma waɗanda rigimar ita ce abincinsu. YouTube na biyan mai tasha gwargwadon yawan kallo da talla, kuma bidiyo mai taken fushi ya fi saurin jan dannawa a kan mai cewa fim ya yi daidai gwargwado. Mai tashar da ya gano haka zai fara yanke wa fim hukunci tun daga tallansa, wata shida kafin ya fito. Su ma kamfanonin ba a bar su a baya ba: suna gayyatar masu tasiri a soshiyal midiya kallon farko, su sake su su yi yabo kwanaki kafin a ba 'yan jarida damar wallafa cikakken sharhi.

Inda abin ya taɓa mai kallo

Illa ta farko kan irin finafinan da ake yi take. Fim ɗin da aka zuba wa dala miliyan 200 ba ya son abin da zai raba kan jama'a, don haka kamfani kan koma ga abin da aka riga aka sani: kashi na biyu da na uku, sake ɗaukar tsohon labari, dawo da tsohon jarumi don a yi tafi a sinima. Tsarin tumatur da ke fifita fim marar laifi da tsoron fushin masoya duk wuri ɗaya suke tura keyar kamfanoni. Amma ba kullum ba. A ranar 21 ga Yulin 2023 Barbie da Oppenheimer suka fito tare, masoya suka mayar da karon nasu biki, suna kallon biyun a rana ɗaya. Na farko ya haura dala biliyan 1 da miliyan 400, na biyu kuma, fim mai awa 3 kan masanin da ya jagoranci ƙera makamin nukiliya, ya haura miliyan 900. Wannan ma aikin surutun masoya ne.

Ta fuskar doka, hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta kafa ƙa'idar da ta fara aiki a Oktoban 2024, wadda ta haramta wa 'yan kasuwa saye ko sayar da sharhin bogi. Ta shafi kamfanin da ke biya a yaba masa, amma ba ta kai ga mutumin da ya danna maki 1 don haushin jaruma ba.

Ga mai kallo a Kano ko Maradi akwai wani abu na musamman. Tantacciyar ƙuri'ar Rotten Tomatoes ta masu sayen tikiti ta Fandango ce, harkar da ke Amurka, katin CinemaScore ma a Amurka da Kanada ake raba shi. Abin da ake kira ra'ayin 'yan kallo a waɗannan ma'aunai ra'ayin masu zuwa sinima ne a can, da irin barkwancinsu da siyasarsu da abin da suke ganin ya dace yaro ya gani. Ba su auna ko fim zai kallu a falo tare da iyali a nan ba. IMDb ne ke karɓar ƙuri'ar kowa daga ko'ina, kuma wannan buɗewar ce ta sa ya fi sauƙin yi wa taron dangi.

Akwai hanyar gane hakan cikin minti ɗaya. In aka danna makin fim a IMDb, shafin zai nuna yadda ƙuri'un suka rarrabu daga 1 zuwa 10. Fim ɗin da mutane suka kalla bai gamsar da su ba, ƙuri'unsa kan taru a tsakiya kamar tudu, wajen 4 zuwa 6. Wanda aka yi wa taron dangi kuwa, za a ga dogon ginshiƙi a kan 1, wani lokaci da wani a kan 10 na masu ramuwa, tsakiyar kuma fayau.

Haka jadawalin Snow White ya kasance, ginshiƙin 1 ya shanye sauran. Dalilan sun taru ne daga wurare da dama: masu jin haushin sukar da jaruma Rachel Zegler ta yi wa katun ɗin 1937, masu adawa da zaɓenta saboda tushenta na Latin Amurka, masu fushi da goyon bayanta ga Falasɗinu, masu ƙaurace wa fim ɗin saboda jaruma Gal Gadot 'yar Isra'ila na ciki, da waɗanda ba su so wadannin labarin da aka zana da kwamfuta ba. Makin da bai kai 2 ba wannan taron ya auna. Sai dai a wannan karon kasuwa ma ba ta ceci fim ɗin ba: katin daren farko B mai alamar ƙari ya ba shi, kuma abin da ya tara a duniya, dala miliyan 200 da 'yan kai, bai kai kuɗin da aka ruwaito an kashe wajen shirya shi ba.